RENON KUNNEN ƁERA A ƊAKIN GWAJI DA MATSALAR KURUMTA A TASAWA DA MAYAHI

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi, cikin jihar Maraɗi, ya san abin da kan biyo bayan shekarar da sanƙarau ya sauka. Cutar takan fara da hunturu, ta yi ƙamari da bazara, ta lafa da faɗuwar ruwan farko. Idan ta wuce, sai a ga yaron da aka kai asibiti a sanƙare ya dawo gida da ƙafarsa, ya ci, ya sha, ya koma wasa da tsararrakinsa, amma in an kira sunansa daga baya ba ya waiwayowa. Iyaye sukan zuba ido suna cewa sauran ciwo ne, zai sake shi. Damina ta zo ta wuce, kaka ta yi, ji bai dawo ba.

To, don me rauni yake warkewa, ƙashin da ya karye ya ɗoru, gashin da aka aske ya tsiro, amma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa? Babban kashi na amsar wannan tambaya ya fito ne daga wani aiki da masana suka shafe fiye da shekara hamsin suna yi, watau cire kunnen ciki na jinjirin ɓera a rene shi cikin ɗan faranti, a ɗakin gwaje-gwaje. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake wannan aiki, da abin da aka gano ta hanyarsa, da kuma inda ya tsaya. Za mu nuna cewa binciken ya fayyace yadda ji yake lalacewa, amma har yanzu bai kai ga maganin mayar da shi ba. Saboda haka amfaninsa na yau ga mutanen Tasawa da Mayahi yana wajen kare jin da ake da shi, da gane yaron da ya rasa shi tun da wuri.

2.0 Ƙirar kunne

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, watau fatar da muke gani da ramin da ya ƙare a dodon kunne. Akwai na tsakiya, wanda ɗan ɗaki ne mai iska, da ƙananan ƙasusuwa uku masu miƙa girgizar dodon kunne zuwa ciki. Sa'an nan akwai kunnen ciki, wanda yake binne cikin ƙashi mafi tauri na ƙoƙon kai. Shi ma ya rabu biyu: ɓangare ɗaya yana kula da daidaiton jiki, shi ne wanda in ya taɓu mutum yake jin jiri; ɗaya ɓangaren kuwa shi ne na ji. Wannan na biyun bututu ne cike da ruwa, ya nannaɗe sau biyu da rabi da 'yar ɗoriya, kamar katantanwa, kuma da wannan suna za mu riƙa kiran sa. A nannaɗe bai fi ƙwayar gujiya ba, amma da za a miƙar da shi zai kai wajen milimita 35.

A tsawon wannan bututu akwai wani tantani, a kansa kuma akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta wadda wani masani ɗan Italiya, Alfonso Corti, ya fara sifantawa a 1851, shekarar da Heinrich Barth ya ratsa ta Tasawa. Muhimman ƙwayoyin wannan shimfiɗa su ne waɗanda ake kira masu gashi, domin kowace tana da ɗan tukku a kanta mai kama da gashi, ko da yake ba gashi ne irin na kai ba. Sun jeru sahu huɗu: sahu ɗaya na ciki mai ƙwaya wajen 3,500, da sahu uku na waje masu wajen 12,000, a kowane kunne na ɗan Adam. A tsakaninsu da ƙarƙashinsu akwai wasu ƙwayoyi masu tallafa musu.

Idan sauti ya shigo, ruwan katantanwa yakan motsa, tukkun nan ya karkata, sai wasu 'yan ƙofofi da ke bakinsa su buɗe, sinadarin fotashiyam na cikin ruwan ya kwarara ciki. Wannan kwarara ita ce take zama saƙon lantarki wanda jijiyar ji take kai wa ƙwaƙwalwa. Sahun ciki shi ne mai aika saƙo. Sahun waje kuwa aikinsa ƙara wa sauti ƙarfi, ta hanyar takurewa da miƙewa daidai da girgizar da ta shigo.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, kowane wuri a katantanwa da irin sautin da yake amsawa. A gindinta tantanin siriri ne kuma a ɗame yake, saboda haka yana amsa siririn sauti, har mai kaɗawa 20,000 a sakan. A ƙolinta kuwa mai faɗi ne kuma sako-sako, yana amsa kakkauran sauti, har mai kaɗawa 20 kawai. Misalin kalangu ke nan: in an matse shi murya ta yi sama, in an sake shi ta yi ƙasa. Georg von Békésy, ɗan asalin Hangare, ya sami kyautar Nobel a 1961 saboda bayyana wannan tsari. Na biyu, da waɗannan ƙwayoyi masu gashi ake haihuwar mutum, kuma su ke nan rabonsa har ya koma ga Mahaliccinsa. Wadda duk ta mutu ba ta da magajiya.

3.0 Dalilin zaɓen ɓera

Ba shi yiwuwa a fasa ƙashin kan mutum mai rai don a kalli katantanwarsa tana aiki, domin yin haka shi ne kurumtar da shi. Dole ke nan a nemi dabbar da kunnenta ya yi kama da namu. Ɓeran da ake magana a nan ba na rumbu ba ne. Iri ne da aka daɗe ana kiwo a ɗakunan gwaji, an san asalinsa da halittarsa ciki da waje. Katantanwarsa tana da sahu huɗun nan kamar tamu, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da suke gina kunnensa su ne suke gina namu.

Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, saboda haka ana iya bin ginuwar kunnen kwana-kwana. Wajen kwana na 8 zuwa 9, fatar ɗan tayi takan yi kauri a gefe biyu na kai. A kwana na 9 zuwa 10 wannan wuri yakan lotsa ciki ya rufe, ya zama 'yar jaka mai ruwa. Daga wannan jaka dukan kunnen ciki yake fitowa: wajen kwana na 11 zuwa 12 bututun katantanwa yakan fara tsirowa yana nannaɗewa. A 1967 Robert Ruben na Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin da za su zama masu gashi suna daina rarrabuwa wajen kwana na 13 zuwa 14, tun ɓeran yana ciki, kuma ba sa sake rarrabuwa bayan nan.

Wata fa'ida kuma ita ce, ɗan Adam yana fara ji tun yana ciki, wajen wata na shida, amma ɓera a kurmance ake haihuwarsa, sai ya yi wajen kwana 12 a duniya kafin ya fara ji. Watau abin da yake faruwa a ɓoye cikin mahaifar mace, a ɓera yana faruwa bayan haihuwa. Bugu da ƙari, a kwanakin farko kwanson katantanwarsa guringuntsi ne, bai zama ƙashi ba, ana iya ɓare shi da hantsaki ba tare da an lalata abin da ke ciki ba.

4.0 Renon kunne a faranti

4.1 Taƙaitaccen tarihi

Renon yankin jikin dabba a wajen jiki ya faro ne a 1907, lokacin da Ross Harrison na Amurka ya ga jijiyar ɗan tayin kwaɗo tana tsirowa cikin ɗigon ruwan jiki a kan gilashi. A 1928 Honor Fell, a Kembirij ta Ingila, ta cire 'yar jakar kunne ta ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, ta rene ta, ta kuwa ci gaba da ginuwa. Wannan ya nuna cewa jakar tana ɗauke da mafi yawan umurnin gina kanta. Daga shekarun 1950 Imrich Friedmann, a Landan, ya ci gaba da wannan aiki, har ya gwada illar wasu magunguna a kan jakar.

An jima kafin a cim ma haka da dabba mai shayarwa. A 1971 Thomas Van De Water da Robert Ruben, a Niyok, suka rene jakar kunnen ɗan tayin ɓera har ta fitar da ƙwayoyi masu gashi. A 1975 Hanna Sobkowicz da abokan aikinta, a Jami'ar Wiskonsin, suka rene shimfiɗar Corti ta jinjirin ɓera tare da jijiyoyinta, sahu huɗun nan kuma suka tsaya a jerinsu. Daga shekarun 1980 Ian Russell da Guy Richardson, a Jami'ar Sussex ta Ingila, suka daidaita hanyar ta yadda za a iya auna lantarkin ƙwaya guda, kuma yawancin masu wannan aiki a yau bisa wannan turba suke.

4.2 Yadda ake aikin

Akan ɗauki ɗan tayi mai kwana 12 zuwa 13 in ana son ganin ginuwar kunne tun daga tushe, ko jinjiri mai kwana ɗaya zuwa uku in ana son shimfiɗar da ta riga ta jeru. Ana aikin ne a ƙarƙashin madubin ƙara girma, cikin ruwan gishiri mai sanyi wanda aka haɗa daidai da ruwan jiki. Mai aikin yakan ɓare kwanson, ya warware shimfiɗar daga sandar da ta nannaɗe, ya cire tantanin da ke gefenta. Abin da ya rage ɗan zare ne wanda tsawonsa bai wuce milimita 6 ba. Sau da yawa akan yanka shi uku, gindi da tsakiya da ƙoli, domin kowane yanki da halinsa.

Sa'an nan a shimfiɗa shi a kan ɗan gilashi wanda aka shafa wa wani danƙo na jiki don ya manne, a zuba masa ruwan abinci mai sukari da gishiri iri-iri da sinadaran gina jiki, sau da yawa har da ruwan jinin doki. A sa shi cikin akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, daidai da zafin jiki, iskar cikinsa kuma kashi 5 cikin ɗari irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi, don kada ruwan abincin ya sauya. Ana sake ruwan kowane kwana ɗaya ko biyu, shimfiɗar kuwa takan rayu mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye.

Babban abokin gaba shi ne ƙwayoyin cuta, domin ruwan da ke ciyar da kunnen yana ciyar da su. A sauran ayyukan reno akan zuba fenisilin da sitireftomaisin don kashe su, amma mai renon kunne yakan guji na biyun, ya sa amfisilin a madadinsa, saboda dalilin da za mu gani nan gaba. In lokacin dubawa ya yi, akan rina shimfiɗar da rini mai ƙyalli wanda yake kama tukkun ƙwayoyin, a ƙidaya masu rai da wuraren da suka zama gurbi. Tun da kowane ɓera kunne biyu gare shi, akan sa wa ɗaya abin da ake gwadawa a bar ɗayan haka nan, don a kwatanta.

5.0 Abin da aka gano

5.1 Yadda wasu magunguna suke kashe ji

An gano sitireftomaisin a 1943, shi ne kuma maganin farko da ya ci tarin fuka. Tun a 1945 likitoci suka lura cewa yana sa wasu majinyata jiri da raunin ji. Danginsa da suka biyo baya, niyomaisin a 1949, kanamaisin a 1957, jentamaisin a 1963, duk suna da wannan hali, wani ya fi wani. An daɗe da sanin illar, amma renon kunne a faranti ya taimaka ƙwarai wajen bayyana hanyarta.

A 1991 Richardson da Russell suka nuna cewa in an zuba waɗannan magunguna a kan shimfiɗar da aka rena, lalacewar tana bin tsari irin wanda ake gani a dabba mai rai: gindin katantanwa ya fi ƙolinta saurin taɓuwa, sahun waje kuma ya fi na ciki. A 2005 Corné Kros da abokan aikinsa, a Sussex ɗin dai, suka nuna cewa maganin yana shiga ƙwaya ne ta 'yan ƙofofin nan na bakin tukku, watau ta ƙofar da sauti yake buɗewa, kuma in ya shiga fitarsa da wuya. Abin da ya ƙarfafa wannan bayani shi ne, ɓerayen da aka haifa ƙofofinsu ba sa aiki, maganin ba ya kashe ƙwayoyinsu. A cikin ƙwaya kuwa yana taruwa, ya lalata 'yan sassan da suke samar mata da ƙarfi, har ta mutu. Wannan taruwa ita ce ta sa ji kan ci gaba da raguwa ko bayan an daina allurar. Tun a 1993 kuma aka gano wani sauyi a ƙwayar gado, wanda ake gada ta wajen uwa kaɗai, mai sa ɗan kaɗan daga maganin ya kurumtar da mutum.

5.2 Ko ƙwayar da ta mutu tana da madadi?

A 1988 ƙungiyoyin masana biyu a Amurka, ta Jeffrey Corwin da Douglas Cotanche, da ta Brenda Ryals da Edwin Rubel, suka ba da labarin da ya girgiza wannan fage: tsuntsun da ƙara ta kashe masa ƙwayoyi masu gashi yana fitar da sababbi cikin 'yan makonni. Ƙwayoyin tallafi ne suke rarrabuwa su cike gurbin. Watau kazar da ke tsakar gida tana da baiwar da mai ita ba shi da ita.

Daga nan aka shiga neman abin da ya hana dabba mai shayarwa yin haka. A 1999, a ɗakin gwajin Huda Zoghbi, aka gano cewa akwai ƙwayar gado guda, wadda yanzu ake kira Atoh1, da in babu ita ɓera ba ya fitar da ƙwaya mai gashi ko ɗaya. A 2000 aka cusa ta cikin shimfiɗar da aka rena, sai ga ƙarin ƙwayoyi masu gashi sun fito a inda da babu su. A 2006 masana a ɗakunan gwajin Neil Segil da Andrew Groves suka nuna cewa ƙwayoyin tallafi na jinjirin ɓera, in an ware su an rena, suna iya rarrabuwa su zama masu gashi, amma wannan iyawa tana dusashewa kafin ɓeran ya cika mako biyu. Ke nan ƙofar tana rufewa daidai lokacin da ji yake buɗewa. Har yau ba a sami hanyar sake buɗe ta a kunnen da ya balaga ta yadda ji zai dawo sosai ba. Wani magani mai suna FX-322, wanda aka gina bisa irin wannan bincike, an gwada shi a kan mutane a Amurka, aka dakatar da shi a 2023 domin bai nuna amfani ba.

5.3 Kunne ba tare da ɓera ba

A 2013 Karl Koehler da Eri Hashino, a Jami'ar Indiyana, suka ɗauki ƙwayoyin asali na ɓera, waɗanda ba su riga sun zama kowace gaɓa ba, suka riƙa ba su sinadarai bi da bi kamar yadda jikin ɗan tayi yake yi, har suka zama 'yan jakunkuna masu ƙwayoyi masu gashi, irin na ɓangaren daidaiton jiki. A 2017 suka yi haka da ƙwayoyin ɗan Adam, a 2023 kuma aka samu irin na katantanwa. Wannan ya ba da damar gwada magani a kan ƙwayoyin mutum ba tare da an taɓa kunnen kowa ba.

A 2024 likitoci a birnin Shangai na ƙasar Sin suka ba da rahoton yara shida da aka haifa kurame saboda lahani a ƙwayar gado guda; aka cusa musu lafiyayyiyar ƙwayar cikin katantanwa, biyar suka fara ji. Nasara ce babba, amma a lura: waɗannan yara ƙwayoyinsu masu gashi suna nan da rai, saƙo ne kawai ba sa iya miƙawa. Wannan hanya ba ta amfanin yaron da sanƙarau ko allura ta riga ta kashe masa su.

6.0 Iyakar wannan bincike

Kunnen da ke faranti jinjiri ne, bai taɓa ji ba. Ba shi da ruwan nan mai yawan fotashiyam da ke cikin katantanwa mai rai, ba shi da shingen da ke tsakanin jini da kunne, ba shi da ƙodar da za ta tace magani. Haka kuma babban ɓera ya fi mutum jure wa dangin jentamaisin. Saboda haka abin da ya yi aiki a faranti sai an sake gwada shi a dabba mai rai, sa'an nan a mutum, kuma da yawa sukan faɗi a hanya. Duk wanda ya ce yana da ɗigo ko sassaƙen da zai mayar da jin da ya tafi ta wannan hanya, ya faɗi abin da manyan ɗakunan gwaji na duniya ba su kai gare shi ba.

7.0 Abin da wannan yake nufi a Tasawa da Mayahi

Gundumomin nan biyu kowace ta haura mutum 500,000 a ƙidayar 2012, mafi yawansu kuma yara ne da matasa mazauna karkara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2021, ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 a duniya suna da raunin ji mai bukatar kulawa, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara ana iya kauce mata. Bari mu dubi manyan hanyoyinta a wannan yanki.

7.1 Sanƙarau

Jihar Maraɗi tana tsakiyar zirin sanƙarau wanda likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya sifanta a 1963, daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a zirin, ta kashe wajen 25,000. Ta 2009 ta sake ratsa jihohin Maraɗi da Damagaram da Doso. Akwai wata 'yar magudana tsakanin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da katantanwa, ta nan ƙwayoyin cutar da dafinsu suke shiga su kashe ƙwayoyi masu gashi. Bayan 'yan makonni ko watanni bututun kan fara cikewa da ƙashi, wanda ke sa ko na'urar da ake dasawa cikin katantanwa ta yi wuyar shiga. Ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira yakan fita da lahani mai ɗorewa, kurumta kuwa tana kan gaba.

Rigakafin MenAfriVac, wanda Nijar ta fara a 2010, ya karya lagon nau'in A. Amma nau'in C ya ɓulla a 2015, inda aka ƙidaya wajen mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, 573 suka rasu, ya kuma sake ɓulla a jihar Damagaram, maƙwabciyar Tasawa, a ƙarshen 2022. A 2024 Najeriya, sa'an nan Nijar, suka fara amfani da sabon rigakafi mai kare nau'i biyar.

7.2 Allurai

Jentamaisin tare da amfisilin su ne ake ba jarirai masu cutar jini, da yara masu tsananin tamowa da ciwo ya haɗu musu, irin waɗanda suke cika asibitocin gunduma tsakanin bazara da kaka. Magani ne mai araha da ya ceci rayuka ba iyaka, kuma in an auna shi bisa nauyin yaro, aka yi shi na 'yan kwanaki, galibi ba ya cutarwa. Haɗarin yana ga wuce ƙima, da tsawaita kwanaki, da yin sa ga wanda ƙodarsa ta raunana ko jikinsa ya bushe. Nan ne allurar kasuwa, wadda ba awo ba lissafi, take da ban tsoro.

Nijar tana da misali mai kyau na yadda ilmin katantanwa yake kare ji. Daga 2008 aka fara yi wa masu tarin fukan da ya bijire wa magani jinyar wata goma sha biyu, mai haɗe da allurar kanamaisin. A rahoton 2014, cikin majinyata 65 na farko, 58 suka warke, amma kashi 20 cikin ɗari jinsu ya taɓu. Tun da an san lalacewar daga gindin katantanwa take farawa, sai aka riƙa auna jin siririn sauti a kai a kai, wanda duk aka ga ya fara raguwa a dakatar da allurar a ba shi linezolid, kafin ɓarnar ta kai inda magana take. Rahoton 2021 ya nuna cewa hakan ya hana mummunar kurumta ba tare da rage yawan masu warkewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye kanamaisin daga shawarwarinta, aka koma ga ƙwayoyin haɗiya.

7.3 Ƙara

Ƙarar da ta haura ma'auni 85 na desibel, in an wuni cikinta kullum, tana kashe sahun waje sannu a hankali. Injin niƙa, wanda yanzu da wuya a sami babban ƙauye babu shi, yakan kai wannan matsayi. Alamar ita ce sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji. Yaran da suke aiki a bakin injin su ne suka fi shiga haɗari.

7.4 Abin da yaro yake ji da abin da yake rasawa

Ba duk wanda kunnensa ya taɓu ne yake zama kurma ɗungurungum ba, kuma a nan tsarin katantanwa ya shafi harshe kai tsaye. Karin sauti yana tafiya ne bisa kaɗawar tantanin maƙogwaro, wadda take tsakanin 100 da 300 a sakan. Ƙarfin wasula ma yawancinsa a ƙasa yake. Amma baƙaƙe irin su s da sh da ts da c ƙarfinsu a sama yake, na s ma ya haura 4,000. Yaron da gindin katantanwarsa ya lalace zai bambance kuka na hawaye da kuka ta miya, domin karin sauti ne ya raba su, zai kuma amsa in an kira shi. Amma zai rikita saba da tsaba, ko sata da shata, waɗanda baƙin farko kawai ya raba su. Irin wannan yaro ba a ɗaukar sa kurma. A gida a ce taurin kai ne, a aji a ce daƙiƙi ne, alhali shifta ce take zo masa da giɓi.

7.5 Matakan da suke hannu

Na farko, rigakafi: na sanƙarau, da na ƙyanda, da na ciwon huhu wanda aka shigar cikin rigakafin yara a Nijar a 2014, domin ƙwayar cutarsa in ta haddasa sanƙarau ta fi sauran kurumtarwa. Na biyu, duk yaron da aka sallama bayan sanƙarau a gwada jinsa cikin mako huɗu. A 1978 David Kemp, a Landan, ya gano cewa lafiyayyen sahun waje yana mayar da 'yar amsa-kuwwa da za a iya aunawa a ramin kunne. Na'urar da ke wannan awo a yau ta hannu ce, tana aiki da batir, kuma ko jariri mai barci ana iya gwada shi. Na uku, a bambance kunne mai zubar da mugunya, wanda ciwon kunnen tsakiya ne kuma yana da magani, da lalacewar katantanwa. Kada a ɗiga komai cikin kunnen da dodonsa ya fashe sai da izinin likita. Na huɗu, malami yana iya gwaji ba da na'ura ba: ya tsaya bayan ɗalibi ya faɗi tagwayen kalmomi irin na sama, wanda ya riƙa rikita su a zaunar da shi gaba inda zai ga bakin malami, a kuma tura shi asibiti.

Wanda jinsa ya tafi gaba ɗaya kuwa, abin da ya fi gaggawa shi ne ya sami harshe tun yana ƙarami. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu mai tsari, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa a 2000. Akwai makarantar kurame a birnin Maraɗi, amma tsakaninta da Tasawa wajen kilomita 120 ne, da Mayahi wajen 90, balle ƙauyukan Urafan ko Gidan Amumun.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa jin ɗan Adam ya rataya ne a kan ƙwayoyi wajen 15,500 a kowane kunne, waɗanda ba a sake su. Mun ga yadda renon kunnen ɓera, daga 1971 zuwa yau, ya nuna ƙofar da magani yake bi ya kashe su, da tsarin da ɓarnar take bi daga gindi zuwa ƙoli, da ɗan gajeren lokacin da jinjiri yake iya maye gurbinsu. Mai yiwuwa wata rana wannan aiki ya haifar da maganin mayar da ji. Kafin wannan rana, yaron da sanƙarau zai kama a bazara mai zuwa, a Korgom ko a Kanambakashe, abin da zai amfane shi shi ne rigakafi kafin ciwo, da awon ji bayansa, da malamin da ya san cewa rashin amsawa ba kullum ne rashin kunya ba.